Bayan Aikin Wuya: Murya, Haɗiya da Numfashi

Idan mutum ya dawo daga asibiti bayan an yi masa aiki, al'adarmu ita ce mu je gaisuwa, mu ce sannu, yaya jiki, ya ce da sauƙi, mu yi addu'a mu tashi. Ga wanda aka yi wa aikin ƙaba, ko wanda ya karye aka ɗaure shi, wannan gaisuwa ta wadatar, gama bayan 'yan makonni za mu sadu da shi a kasuwa. Amma akwai wani irin majinyaci wanda ba zai iya amsa mana da sauƙin ba, domin an cire masa abin da yake amsawa da shi. Shi ne wanda ciwon daji ya kama a maƙogwaro, ko a harshe, ko can bayan hanci, likitoci suka yi masa aiki, ya tsira da ransa, aka sallame shi ya koma Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko wani ƙauye na ƙasar Ɓaɓura. A kansa muke so mu yi magana da masu karatu yau.

Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, wasu kuma kansa, yana iya fitowa a ko'ina a jiki. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna cewa kusan mutum 128,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya a shekarar nan kaɗai, kusan 80,000 kuma suka mutu. Na kai da wuya yana da nasa hali dabam, domin a wannan ɗan wuri ne hanyar abinci da hanyar iska da wurin magana suka haɗu. Duk abin da likita ya yanka a nan, ko ya gasa, sai ya taɓa ɗaya daga cikin ukun. Shi ya sa likitocin wannan fanni suke auna abu biyu bayan magani. Na fari, ko ciwon ya tafi. Na biyu, ko mutumin yana iya haɗiye abinci, ya yi magana a ji, ya zauna cikin mutane ba tare da kunya ba. Wannan na biyun shi suke kira ingancin rayuwa, har suna da takardun tambayoyi da majinyaci ke amsawa a ba shi maki.

Neman wannan ingancin ne ya kawo aikin tiyata da mutum-mutumi, wanda wasu daga cikin yaranmu suka gani a waya suna ta tambaya. A da, idan ƙari ya fito a gindin harshe, ko a ƙululun nan biyu da ke gefe da gefe a ƙarshen baki waɗanda likitoci ke kira tonsil, hannun likita ba ya iya kaiwa can ta baki. Sai a tsaga leɓe, a raba ƙashin muƙamuƙi biyu, a buɗe kamar ƙofa, a cire ƙarin, sa'an nan a ɗinke. Mutum yakan yi makonni a kwance, wani kuma ba ya sake haɗiye tuwo har abada. Wajen shekarar 2005 wasu likitoci biyu na Jami'ar Fensilbaniya a Amurka, Gregory Weinstein da Bert O'Malley, suka fara gwada wata na'ura mai suna da Vinci a kan wannan aiki. Na'urar tana da hannuwa sirara da ɗan madubin ɗaukar hoto, ana zura su ta baki. Likita yana zaune a gefe yana kallon cikin maƙoshi an ƙara masa girma, yana juya hannuwan da yatsunsa. Na'urar ba ta yin komai da kanta, likita ne mai yanka. A Disamba 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ita, amma fa ga ƙananan ƙari kaɗai, waɗanda ba su yi nisa ba.

Lalle aikin ya rage wahala. Ba a raba muƙamuƙi, kwana a asibiti ya ragu zuwa 'yan kwanaki, yawancin majinyata kuma suna komawa cin abinci ta baki. Sai dai da aka zo aunawa tsakani da Allah, labarin bai yi daɗin da aka zata ba. Likitoci a Kanada da Ostireliya sun ɗauki majinyata 68 masu irin wannan ciwo, suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka yi musu aiki da na'urar, rabi kuma aka yi musu gashi, wato haska ciwon da wani haske mai ƙarfi wanda ke kashe shi. A 2019 aka buga sakamakon. Bayan shekara guda, a ma'aunin haɗiya mai maki 100, waɗanda aka gasa sun sami 86.9, waɗanda aka yi wa aiki da na'ura kuwa 80.1. Bambancin bai kai yadda majinyaci zai ji shi sosai a jikinsa ba, amma dai na'urar ba ta zo ta ɗaya ba. Kowane ɓangare da tasa matsalar. Masu gashi sun fi fama da raguwar ji da ƙara a kunne, masu aiki sun fi fama da ƙagewar muƙamuƙi, mutum ɗaya a cikinsu ma ya rasu saboda zubar jini. Fiye da rabin waɗanda aka yi wa aikin sai da aka ƙara musu da gashi daga baya.

Mun kawo wannan labari ne domin mun san halinmu. Idan muka ji an yi wata na'ura a ƙasar Turawa, wadda kuɗinta ya haura dala miliyan ɗaya, sai mu ce ai da muna da ita da wane bai mutu ba. A wannan ciwo dai maganar ba haka take ba. Ko da an kafa na'urar a babban asibitin Kazaure gobe, kaɗan ne daga cikin majinyatanmu za ta yi wa amfani, gama ƙaramin ƙari take cirewa, mu kuwa ba ma zuwa da ƙarami. Rahotannin da asibitocin koyarwa na ƙasar nan ke bugawa duk bakinsu ɗaya a kan cewa yawancin masu ciwon daji na kai da wuya suna isowa ne bayan ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu. Da yawa daga masu na maƙogwaro sai numfashi ya toshe ake kawo su, a huda musu wuya cikin gaggawa a sa bututu kafin ma a san abin da ke damunsu.

Yadda watannin suke salwanta kuwa duk mun sani. Dattijo ya wayi gari murya ta dushe, a ce sanyi ne, a dafa citta da kanumfari. Wata ya wuce, a je kemis a sayo ƙwayoyi. Wata uku, a ce belu ne, a kira wanzami ya yanke. Idan ƙullutu ya fito a gefen wuya a yi masa tsaga, a shafa magani. Wani kuma a ce sammu ne aka yi masa saboda gona ko gado. Ba muna raina wanzamai ba, suna da aikinsu a cikinmu tun kaka da kakanni, amma belun da suke gani a baki yana sama, wurin murya kuwa yana can ƙasa bayan zakaran wuya, inda ido ba ya kaiwa sai da madubin likita. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Dushewar murya da ta wuce mako uku, ko gyambo a baki da ya ƙi warkewa, ko ƙullutu a wuya marar zafi da ke ƙara girma, ko hanci ɗaya da ya toshe yana fitar da jini-jini, ko haɗiya da zafi tana harbawa zuwa kunne, duk waɗannan na likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, musamman ga wanda ya haura shekara 40 yana shan taba ko giya. Daga Kazaure zuwa Kano tafiyar ba ta kai awa biyu ba a mota, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma yana da sashen wannan fanni. A Kaduna ma akwai cibiyar tarayya ta kula da kunne da hanci da maƙogwaro wadda aka kafa a 1999. Kada tsoro ya hana kowa zuwa. Wani lokaci dushewar murya tarin fuka ne ya kawo ta, shi kuwa ana warkar da shi, maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ko ma dajin ne, idan yana ƙarami ana iya gasa shi ko a cire shi a bar wa mutum muryarsa.

To, yanzu bari mu zo ga wanda ya makara, aka cire masa gidan muryar gaba ɗaya. Aikin tsoho ne, wani likita mai suna Theodor Billroth ya fara yin sa a birnin Biyana a ranar ƙarshe ta shekarar 1873, har yau kuma shi ne yake ceton rai idan ciwon ya yi nisa. Bayan aikin, hanyar iska da hanyar abinci sun rabu har abada. Baki da hanci ba su da sauran haɗi da huhu. Ana ɗinke bakin bututun iska a gindin wuya, a bar 'yar ƙofa kamar faɗin kwabo, ta nan mutum zai yi numfashi, ta nan kuma zai yi tari, har ƙarshen ransa.

Mai karatu ya ɗan tsaya ya yi tunanin abin da hanci yake yi mana kyauta. Yana tace ƙura, yana ɗumama iska, yana jiƙa ta kafin ta isa huhu. Wannan bawan Allah ya rasa duka. A ƙasa irin tamu, inda hunturu yake busawa daga Nuwamba har Fabrairu, majina takan bushe a cikin bututun ta zama ɓawo, har ta toshe numfashi da dare. Maganinsa ba tsada. A rufe ƙofar da ƙyallen auduga mai tsabta wanda iska ke ratsawa, a ɗaura shi a wuya, a riƙa yayyafa masa ruwa idan iska ta bushe, a wanke shi kullum, a sha ruwa da yawa. Duk macen da ta iya keken ɗinki za ta iya ɗinka guda shida a yini ɗaya. Lokacin sussuka da sheƙa, sa'ad da ƙaiƙayin gero yake tashi, sai ya nisanci wurin. Haka nan hayaƙin murhu a ɗaki rufaffe, da feshin maganin ƙwari a gonar wake.

Ruwa shi ne babban haɗari. Mu idan ruwa ya shiga mana baki, maƙogwaro yakan rufe da kansa. Shi ba shi da marufi, abin da ya shiga ƙofar nan huhu ya nufa kai tsaye. Wanka sai daga kafaɗa zuwa ƙasa, kai kuma a sunkuya a wanke shi dabam, a tare ƙofar da hannu ko tawul. Wanda sana'arsa su ce a dam ɗin Kazaure, ko mai shiga kwalekwale, ko mai tsallaka rafi da damina, dole ya haƙura, gama ruwan da ya kai masa wuya ya isa ya kashe shi. A ikilisiyoyin da ake yin baftisma ta nitsarwa kuwa, lalle ne a sanar da fasto tun da wuri, kada a kuskura a nitsar da irin wannan mutum.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba wanda yake faɗa wa iyali, sai sun gani su yi ta mamaki. Ba ya jin ƙanshi ko wari sosai, tun da iska ba ta bi ta hanci, don haka ba zai ji ƙaurin tuwo ko warin miyar da ta lalace ba, ɗanɗanon abinci ma ya ragu. Ba ya iya hura kunu mai zafi, ba ya iya fyace majina. Ɗaukar buhu yana yi masa wuya, domin mai ɗaga kaya yana riƙe numfashi ne kafin ya yunƙura, shi kuwa ba shi da abin riƙewa. Idan an cire masa ƙululun wuya tare, kafaɗa takan yi nauyi, riƙe garma ya gagara sai an yi ta motsa hannun kullum. Yana dariya ba sauti, yana kuka ba sauti.

Maganar murya ita ce mai nauyi. Hanyoyi uku ne aka sani na sake yin magana. Ta fari ba ta cin ko kwabo: mutum ya koyi haɗiye iska kaɗan ya dawo da ita kamar gyatsa, ya sarrafa ta da harshe da leɓe ta zama kalma. Muryar takan fito ƙasa-ƙasa da kauri, koyonta yana ɗaukar watanni, ba kowa yake iyawa ba, amma wanda ya iya ya huta. Ta biyu wata 'yar na'ura ce mai batir, kamar ƙaramar tocila, ana danna ta a gefen wuya tana ƙugi, baki ya mai da ƙugin magana. Yara za su yi dariya da fari, su saba. Ta uku ita ce wadda Eric Blom da Mark Singer suka fito da ita a Amurka a 1980: likita ya yi 'yar huda tsakanin bututun iska da na abinci ya sa ɗan bawul na roba, mutum ya toshe ƙofar wuya da yatsa, iska ta bi ta bawul ɗin ta fito baki. Ita ta fi kama da muryar mutum, sai dai bawul ɗin yana lalacewa bayan 'yan watanni, a sayi sabo, a koma wurin likita ya sa. Ga manomin Gwiwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya kamata iyali su tambayi likita waɗannan hanyoyi tun kafin a shiga aikin, su kuma tambaya ko akwai mai koyar da magana a asibitin.

Kafin murya ta samu, rubutu ne mafita. Mun san labarin Zakariya mahaifin Yahaya, wanda bakinsa ya rufe har sai da ya nemi allo ya rubuta sunan ɗansa. Wanda ya iya boko ko ajami a ba shi ɗan littafi da biro, ko ya rubuta a waya. Damuwarmu tana ga dattawa, maza da mata, waɗanda ba su yi karatu ba. Idan an sa ranar aiki, makonnin da suka rage sun isa iyali su zauna da majinyaci su shirya alamun hannu: ruwa, abinci, zafi, bayan gida, kira mini wance. A nan ajin yaƙi da jahilci da ikilisiyoyinmu suka daɗe suna yi yana da sabon aiki. Mu kuma masu zuwa gaisuwa mu kiyaye abu biyu. Kunnensa lafiya lau yake, kada mu ɗaga masa murya kamar kurma. Kada kuma mu juya ga matarsa muna tambaya yaya jikinsa alhali yana zaune yana kallonmu.

Sai abinci. Yawancin waɗanda aka yi wa aiki ana bin su da gashi, kwana biyar a mako, har mako shida ko bakwai. Gashin yana ƙona wuraren da ke fitar da yawu, baki ya bushe, wani lokaci har abada. Wanda ba shi da yawu ba ya iya haɗiye busasshen abu, sai ya rame, a ce ciwon ne ya dawo alhali yunwa ce. Allah ya taimake mu, abincinmu na gida ya dace da wannan hali. Miyar kuɓewa da ta kuka da karkashi masu yauƙi suna sulluɓar da loma, a yi tuwon da laushi a cika masa miya. Kunun gyaɗa, fura da nono da aka dama da ruwa-ruwa, alale, awara mai taushi, ƙwai, madara, duk suna gina jiki. A rage yaji da tsamiya muddin baki yana da rauni. A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, a zaune, da kofin ruwa a kusa. Busasshen baki yana saurin ɓata haƙora, ƙashin muƙamuƙin da aka gasa kuma ba ya warkewa da sauƙi. Saboda haka kada a bar kowa ya cire masa haƙori a kasuwa ko a gida, sai likitan haƙori wanda aka gaya masa an yi gashi. Idan kuma bayan shekara guda kasala da jin sanyi suka yi yawa, a nemi gwajin jini, domin gashin yakan raunana wata halitta da ke gaban wuya, maganinta ƙwaya ɗaya ce a rana.

Wani abu da ke ɓata mana rai shi ne ware wa majinyaci kwano da cokali, da hana jikoki zuwa kusa da shi. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta yawu ko tari ko cin abinci tare. Mutumin da ya rasa murya ya riga ya rasa hira a dandali, da ciniki a kasuwa, da waƙa idan ɗan ƙungiyar mawaƙa ne. Idan aka ƙara masa da cin abinci shi kaɗai a zaure, an gama da shi. Baƙin ciki mai tsanani yana da yawa a cikin masu wannan ciwo, likitoci ma sun shaida haka. Wanda yake waƙa a da yana iya riƙe ganga ko kacau-kacau. Wanda yake karanta sanarwa yana iya riƙe littafin baiko.

Game da kuɗi, ba za mu ɓoye wa kowa ba, maganin yana cin gona da shanu. Asusun tallafin masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da ciwo uku, na nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, na wuya ba ya ciki. Wuraren gashi kaɗan ne a Arewa. Akwai sashensa a asibitin koyarwa na Shika a Zariya da na Sakkwato, a 2025 kuma aka buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wadda ta fi kusa da mutanen Roni da Gwiwa. A tambaya ta waya ko na'ura tana aiki kafin a hau mota. Abin da ke sa mutane da yawa su bar gashi a tsakiya shi ne masauki da abinci na mako bakwai a garin da ba su san kowa ba, gashin da aka katse kuwa ƙarfinsa yana raguwa. Wasiƙa ɗaya daga fasto zuwa ga fasto ɗan'uwansa a Zariya ko Katsina tana iya samo ɗaki. Bayan an gama, akwai komawa ganin likita a kai a kai, musamman a shekara biyu na fari, lokacin da ciwon ya fi dawowa. A sa kuɗin motar nan cikin lissafi tun farko.

Abu biyu suka rage ga wanda ya riga ya dawo gida. Ya riƙa yawo da 'yar takarda a aljihu, da Hausa da Turanci, mai cewa ta wuya yake numfashi, domin idan ya suma a hanya mai taimako zai nufi baki da hanci, iskar kuwa ba za ta isa huhu ba. Da dare kuma ba ya iya kiran kowa. Wasu sukan saya masa usur, su manta cewa ba ya iya busawa. A ajiye masa 'yar ƙararrawa a gefen shimfiɗa, ko kwanon tasa da cokali, a kuma sami mai kwana kusa da shi wanda barcinsa ba shi da nauyi.